Dakan Gwaggo a Waƙar 'Yar Filifin

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, cikin shekara ta biyu ta annobar korona. Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, ita dai ta koma ne daga inda babu wanda ya zata. Yayar mahaifina ce. Ta zo yi mini wankan jego da niyyar wata uku, dokar kulle ta rutsa da ita, ta yi shekara ɗaya da rabi a gidanmu na hawa na tara a Setapak. Hawan jini ne ya kayar da ita, ta kwana uku a asibiti ba a bar kowa ya shiga wurinta ba.

Ba a yi zaman makoki ba, doka ta hana taro. Maigidana da wasu ɗalibai 'yan uwansa ƙalilan ne suka kai ta makwancinta. Ni ina gida da yarinya a baya, waya sai ruri take. Wata matar lakcara da ke Sentul ta kira tana kuka. "Wallahi sister, I can't believe it. Last week fa ta aiko min da yaji. Kar ki ɗora komai, zan yi muku tapau, in ƙunso abinci in aiko." Haka aka yini ana rataye mana ledojin abinci a ƙarfen ƙofa. A ƙwanƙwasa, a ja da baya, a yi mini gaisuwa ta cikin takunkumi, a juya. Mai kedai, wato mai kanti, na ƙasan bene, wanda take sayen citta a wurinsa da nunin yatsa, ya dafe ƙirji ya ce yanzu wa zai riƙa yi masa faɗa a kan citta mara ƙarfi.

Mutanen Kano kuma ta waya suka yi tasu. Yawancinsu sun ce ƙasar can ce ta kira ta, Allah ya ba mu haƙuri. Amma akwai waɗanda in sun gama addu'a sai su rage murya su ce, "Ita ce dai mai waƙar nan ko?" Wannan tambayar ta fi komai yi mini ciwo, ita ce kuma ta sa na zauna rubuta wannan. Ba na son a taƙaita matar da ta haura saba'in a ce tsohuwar da ta je Maleshiya ta zama mawaƙiya.

Da la'asar aka sake ƙwanƙwasawa. Maƙwabciyarmu ce ta hawa na takwas, 'yar Filifin, mai waƙar da ake magana a kai. Ta sa baƙaƙen kaya irin na makokinsu, ta rungume langar Gwaggo da ayaba a ciki, idanunta sun yi luhu-luhu. Ba ta san me ake cewa a wurinmu ba, sai ta tsaya tana maimaita "Lola, Lola," wato kaka da yarensu, sunan da take kiran Gwaggo ke nan.

Ranar sadakar uku Yaya Babba ya kira, ɗan farin Gwaggo. Bayan mun yi wa juna gaisuwa ya ce, "Magana ɗaya ce. A goge waƙar nan. Ba faɗa nake ba, tsoro nake ji. Duk sanda wani ya kunna kiɗan nan da muryar Hajiya a ciki, ban san me ake rubuta mata ba." Na ce to. Ban gaya masa cewa Gwaggo ba ta yarda a ɗauke ta hoto ba, ba ta aika saƙon murya, ba ta da bidiyo ko na biki. In aka goge waƙar, muryarta ta tafi ke nan.

Bari in faɗi yadda aka yi ta shiga waƙar.

Gwaggo da turminta ta zo. Ƙarami ne, ta naɗe shi da zani a tsakiyar jaka, taɓaryar kuma ta sa kafinta ya rage mata tsawo don ta shiga. Ranar da ta iso na nuna mata bilenda ina alfahari. Ta sa na kunna, ta toshe kunne, ta ce, "Kashe. Wannan ihu kawai take yi wa yaji, ba ta daka shi." Tun daga ranar, kullum da hantsi za ta ja kujera 'yar tsuguno zuwa bakin baranda ta hau daka: citta, masoro, kanumfari, daddawa, barkono. In yajin gidanmu ya yi yawa sai ta daka wa wasu. Kafin wata shida duk matar ɗalibi da ta haihu a Setapak da kewaye yajin Gwaggo take ci.

Ba mu san akwai mai shan wahalarmu a ƙasa ba. Maƙwabciyar nan 'yar Filifin, Zabiya kamar yadda Gwaggo ta raɗa mata daga baya, ta yi shekaru tana waƙa a wani otal a Bukit Bintang, waƙoƙin wasu, ana cin abinci ana hira ba mai sauraronta. Da aka rufe otal ɗin ta rasa aiki, ta kuma kasa komawa gida. Sai ta ce bari ta yi abin da ta daɗe tana buri, albam ɗinta na farko, waƙoƙin da ta rubuta da kanta. Ba ta da sutudiyo. Cikin sif ɗin kayanta take shiga da makirfo da kwamfuta, ta ja ƙofa, ta rufa da bargo. Sif ɗin kuwa daidai ƙarƙashin turmin Gwaggo yake.

Wata safiya ta hawo, takunkumi a fuska, waya a hannu. Ta kunna mana. Murya siririya mai daɗi, a ƙarƙashinta kuma dum, dum, dum. Ta ce da Turanci aikin kwana uku mun lalata mata, wane irin gini muke yi a cikin gida?

"Me take cewa?" in ji Gwaggo.

"Ta ce sannu da aiki, wai ko za a ɗan sassauta."

"Ƙarya kike, 'yar nan. Mai cewa sannu ba ta tayar da jijiyar wuya. Ki gaya mata maijego ba ta cin yajin inji."

Na juya na ce wa Zabiya Gwaggo tana ba ta haƙuri. Ita ma ta kalli fuskar Gwaggo ta san ƙarya nake. A tafintar da na yi musu ta shekara guda, rabin maganar tawa ce. Amma ranar Gwaggo ta ce a sake kunna mata, ta saurara ta karkatar da kai, ta ce, "Muryar akwai. Sai dai waƙar yawo take, babu abin da ya riƙe ta daga ƙasa." Na gaji da gyara, na fassara mata yadda aka faɗa. Zabiya ta juya fuu ta sauka.

An dai yi sulhu. Gwaggo za ta yi daka daga hantsi zuwa azahar, bayan nan gida ya yi tsit. Ba ta san ƙarfe nawa ba, da salla take lissafi, dole Zabiya ta saukar da jadawalin salla a wayarta, ita da take Kirista. Gwaggo kuma ta ninka tsohon bargo ta sa a ƙarƙashin turmi, tana mita wai an mayar da turminta majinyaci.

Ita ce ta fara lura. Wata rana tana shanya a baranda ta ce, "Kwana uku ban ji ƙamshin girki daga ƙasa ba." Na ce ƙila saye take. Ta ce, "Da wane aikin?" Ta zuba shinkafa da wake a langa, ta sa mai da yaji, ta ɗaure da igiyar shanya ta zura ta baranda, tana bubbuga ƙarfe da ludayi har aka leƙo. "Makan!" ta ce. Kalmomin Malayu biyu ta iya duk zamanta, makan da boleh, wato ci da ya yiwu, ta ce sun ishi mutum zama a ko'ina. Washegari langa ta dawo da kaza a ciki. Gwaggo ta leƙa ta ce, "Wa ya yanka?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ki ce mata an gode ƙwarai, amma ta riƙa sa ayaba, kar ta wahalar da kanta." Langar nan ta yi ta hawa da sauka har ƙarshen ran Gwaggo, ba ta taɓa hawowa ba ayaba ba.

Bayan wasu makonni Zabiya ta zo da roƙo. Ta ce ta koma ta saurari aikin da muka lalata mata, ta gano Lola ta yi gaskiya, dakan ya fi injin kiɗanta riƙe waƙar. Ta kuma ji kamar akwai murya a bayan dakan. Akwai kuwa. Gwaggo ba ta daka shiru, waƙa take yi ƙasa-ƙasa, tana tsara ta nan take, duk abin da ya zo bakinta. Zabiya tana son ta ɗauka ta sa a waƙa ɗaya.

"Su wa za su ji?" Gwaggo ta tambaye ni.

"Mutanen Filifin ne kawai, Gwaggo. Wa ya san mu a can?"

Wannan amsar tawa ce, ba ta Zabiya ba, kuma ita ce kuskurena. Abin ya burge ni, ina son a yi. Maigidana ma ce masa na yi ƙarar turmi kawai za a ɗauka.

Gwaggo ta kafa sharuɗa. Ba hoto. Ba za ta daka turmi wayam ba, sai an zuba yaji na gaske, don ita ba ta dakan banza. Kuma ba ta waƙa ana kallonta. Ranar ta yi wanka ta ɗaura atamfarta ta Juma'a, ta shafa turare, alhali makirfo ne kaɗai zai gan ta. Zabiya ta kafa kayanta ta danna, Gwaggo ta kore mu duka waje, ta turo ƙofa. Muka tsaya a bakin lifta kusan kwata na awa muna jiyo dum, dum daga nesa. Da ta buɗe, idanunta sun yi ja. Ta ce barkonon ne.

Zabiya ba ta jin Hausa, da kunne ta zaɓi abin da ta ɗauka: dakan, da wani ɗan amshi da Gwaggo ke maimaitawa, "Gida ya yi nisa, turmi na kusa." Ta ɗora tata waƙar a kai, waƙar uwa da ke aiki a wata ƙasa tana kewar 'ya'yanta.

Albam ɗin ya fito ta intanet, waƙoƙi tara, ba taro ba biki. Makon farko ina jin masu sauraron ba su wuce mahaifiyarta da ƙannenta da ni ba. Wani mai sharhi a ƙasarsu ya rubuta cewa muryarta ba ta da kauri, waƙoƙin kuma duk kamarsu ɗaya, ana jin an yi su a ɗaki. Ta hawo tana kuka. Da na fassara, Gwaggo ta ce, "To ai a ɗakin aka yi. Shi mai rubutun ya taɓa waƙa? Share hawayenki ki ci abinci."

Sannan waƙar turmin ta fara tafiya da ƙafarta. Matan Filifin masu aikatau a gidaje, na nan da na ƙasashen Larabawa, waɗanda kulle ya raba da 'ya'yansu, su suka ɗauke ta suna tura wa juna. Suka riƙa rubuto mata cewa ƙarar ta tuna musu dakan shinkafa a ƙauyukansu. Wani gidan rediyo a can ya sa ta. Zabiya ta riƙa hawowa tana karanto mana saƙonni ta bayan ƙarfen ƙofa, ina fassarawa, wannan karon ba ƙari. Gwaggo ta ce, "Ashe su ma suna daka. To madalla." Ta yi kamar abin bai dame ta ba, amma na sha kama ta tana cewa 'yata, wadda ko magana ba ta iya ba, "Kin san kakarki ta shiga rediyo?"

Wani ɗalibi ne ya yanko daidai wurin Hausar ya watsa, wai ga yarenmu a waƙar Filifin. Kwana biyu ya isa Kano. Matan unguwa ba su yi wahalar gane ta ba, muryar da ta yi guɗa a bikin kowannensu ce.

Dole in faɗi wani abu game da Gwaggo da Yaya Babba. Gwaggo mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari ta riƙe ta da gaske. Tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakarsa, can ya tashi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Yana da furfura a gemu amma "yaron nan" take cewa, ko "wancan." Ta yi mini goyo, ta yi wa ƙannensa gata, ta yi raha da kowa, shi kuwa in ya shigo sai ta sami abin yi a madafa. Wayarsu ba ta kai minti ɗaya: lafiya, lafiya, gaida mutanen gidan. Shi ya kai ta Makka, shi ya gina mata ɗaki, bai taɓa jin an gode daga bakinta ba sai dai ta aika a gaya masa. Mu da muka taso daga baya muna yi wa abin dariya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda shi yake ji ba.

Ni ya kira, ba ita ba. "Da saninki aka sa muryar Hajiya a cikin kiɗa?" Bai saurari waƙar ba, shi ba ya jin kiɗa, labari aka kai masa a masallaci. Ya ce in ba ta wayar. Ina tsaye ina jin nata ɓangaren: "Lafiya. To. To, na ji. Gaida mutanen gidan." Ta miƙo mini ta ce, "Ki ce ta goge, tunda wancan ya ce a goge." Ta koma kan sallayarta.

Ban gaya wa Zabiya ba. Na ga yarinya ta fara samun kanta, waƙar nan ce ta ɗaga sauran takwas ɗin, har an fara kiranta hira. Na yi ta jan ƙafa, ina ce wa Yaya abin yana ɗaukar lokaci. Shi kuma ya ɗauka Gwaggo ce ta ƙi, ya daina kira, sai dai ya aiko matarsa ta gaishe ta. Ana cikin haka ta faɗi. Waccan wayar ce maganarsu ta ƙarshe, kuma ni na jawo. Na yi nadama, har yanzu ina yi.

Saboda haka bayan sadakar uku na sauka hawa na takwas na faɗa wa Zabiya komai, har da jan ƙafar da na yi. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce za ta cire, Lola ta fi mata albam, in ba ta mako guda kamfanin da ke raba mata waƙoƙi ya sauke ta. Ta shiga ciki ta turo mini wani abu a waya. Ta ce, "Wannan naku ne. Asalin abin da aka ɗauka ranar, babu kiɗa. Ban san me take cewa ba. Akwai inda muryarta ta karye, shi ban taɓa shi ba."

Na kunna bayan azahar, yarinya tana barci. Ga turmi, ga Gwaggo. Da ni ta fara, wai 'yar ƙanenta mai barcin hantsi, ta haihu ɗaya tana tafiya kamar ta haifi goma. Ta koma kan maigidana, Dakta mai karatun da ba ya ƙarewa. Ta taɓa garin da ruwa ke sauka kullum la'asar ya hana shanya bushewa. Ina dariya ina hawaye. Can sai dakan ya rage sauri.

"Na farina, na farina,
Ban goya shi a gaban mutane ba.
Na kai shi yaye ban waiwaya ba,
Na waiwaya a zuci, ba wanda ya gani.
Ban kira sunansa ba, Allah ya san sunansa,
Allah ka riƙe mini shi."

Turmin ya tsaya. Aka ji ta ja hanci, ta ce, "Kai, barkonon nan da ƙarfi yake." Ta ci gaba da daka.

Na tura wa Yaya, na rubuta masa: babu kiɗa a ciki, turmi ne da Gwaggo. Na kuma gaya masa tun ranar farko ta ce a goge, ni ce na ƙi isar da saƙon. Kwana biyar bai amsa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a can, ya kira. Muryarsa ta dushe kamar mai mura. Bai yi zancen laifina ba.

"Akwai saura?"

"Babu, Yaya. Shi ke nan abin da aka ɗauka."

"Ba ta sake yin wani ba? Ko kaɗan?"

"Ba ta sake ba."

Sannan ya ce, "Yarinyar nan ta goge nata?"

"Saura kwana biyu."

"Ki ce ta dakata. Har yanzu ban so kiɗan ba, kuma zan yi ta nema wa Hajiya gafara. Amma shekara hamsin da biyu ina jiran maganar nan, a hannun yarinyar nan aka ajiye mini. Ba zan karɓi nawa in ƙwace nata ba. Ki ce mata na gode."

Waƙar tana nan a albam ɗin, ita ce ta huɗu. Matar Yaya ta ce mini kullum in ya dawo daga sallar asuba yakan zauna a mota ya kunna nasa, ba ya shigowa sai ya ƙare. Turmin yana bakin baranda a kan bargonsa, ina daka da hantsi, Zabiya ta ce dakana ba ya tafiya daidai.

Allah ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yafe mini nawa, ka sa ƙasar baƙuntar nan ta yi mata sanyi. Ban rubuta sunanta a nan ba, don ba a haka ta tarbiyyantar da ni ba. Wanda ta koma wurinsa ya san sunanta.